Tulun da Ya Tafi Faransa

Shekara uku cur, duk tulun da na gina Inna ta fasa shi. Kowa a unguwarmu ta magina a Tambuwal yana cewa ba ƙeta ba ce, kuma yau da furfura ta cika mini kai na yarda da su. Amma a wancan lokaci, duk wanda ya ce mini ba ƙeta ba ce, to ya shirya jin baƙar magana.

Inna yayar mahaifiyata ce, ita ta riƙe ni tun da aka yaye ni, kuma ita ce babbar maginan unguwa. Ranar buɗe gashi, wato ranar da ake ture toka a fito da tukwanen da suka kwana cikin wuta, sai ta zauna a kan 'yar kujerarta ta sa a riƙa miƙo mata ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga, ta juya, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta kasa kunne. Wanda ya yi mata, dama. Wanda bai yi ba, hagu, kuma na hagu ba ya kai azahar, akwai wani dutse bayan rumbu, can yake ƙarewa. Kaskona da tukunyar miyata da asusuna suna wucewa dama ba gardama. Tulu ne dai. Shi ake gane magini da shi, don ga ciki ga wuya, kuma sai ya yi gumi ya sanyaya ruwa ba tare da ya yi yoyo ba. Nakan saka biyu ko uku a kowane gashi, Inna ta ƙwanƙwasa, ta ce bai yi ba, ko dubana ba ta yi.

Lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, na dawo gida daga Jabo bayan aurena na fari ya mutu. Ba zan ɗora wa bawan Allah laifi ba, ni ce ban zauna ba. Tun ina ƙarama ƙafata ƙaiƙayi take yi. In ina zaune bakin ramin gini ina dukan yumɓu da dundunge, 'yar gudumar nan ta ƙasa da muke faɗaɗa cikin tukunya da ita, da na ji kukan mota a kan hanyar Jega sai hannuna ya ɓata. In ayarin jakuna ya wuce, in yi ta tunanin inda za su kwana. Inna takan ce hannuna yana nan amma zuciyata tana bisa hanya, kuma yumɓu yana jin wannan. Ni kuwa abin da nake so bai taka kara ya karya ba: tulu ɗaya tak na hannuna ya fita daga gidan nan da ransa. A kan wa zai fita, ina za a kai shi, duk ba ruwana.

Ana cikin haka baƙuwar ta zo, da bazara, zamanin da Turawan Ingila ke riƙe da ƙasa, bayan babban yaƙinsu da 'yan shekaru. Mun saba da labarin Bature, ko Di'o mai mulki ko na auduga ko mai yi wa shanu allura, amma ba mu taɓa ganin macensu ta tako unguwar magina ba. Dogarin hakimi ne ya kawo ta. Ya ce ita ba ta Ingila ba ce, Bafaranshiya ce, ta gangaro ta wajen Dosso da takardar izni, an sauke ta a bariki, kuma wai tukwane take son gani. Doguwa ce busasshiya, ta kusa hamsin, da wando irin na maza da ɗankwali ɗaure tamau kamar mai ciwon kai. Tare da ita akwai wani dattijo Bazabarme, tsohon soja, shi ne kukunta shi ne tafintanta. Hausarsa a karkace take, amma ana ganewa.

Mata suka shige ɗaki, yara suka tsaya daga nesa. Ni ban je ko'ina ba. Ta gaisa da Inna a tsaitsaye, ta wuce wajen da muke jiƙa yumɓu, ta durƙusa ta gutsuro kaɗan, ta murza tsakanin yatsu, ta shinshina, sannan ta ɗora a kan harshe. Na ga Inna ta gyara zama. Da na dubi hannun matar sai na ga irin namu ne, farce a cinye, bayan hannu duk tabon ƙuna. Bayan sun tafi Inna ta ce, "Wagga ta san yumɓu." Ban taɓa jin ta faɗi haka a kan kowa ba, balle ni.

Kusan wata guda tana zuwa kullum da hantsi. A ƙasarsu, in ji dattijon, ba a dukan yumɓu a rami. Wani faifan katako gare su da ake juyawa da ƙafa, tukunya ta taso tsakanin tafukan mutum kafin a ƙare gaisuwa. Da ta karɓi dundunge sai ta koma 'yar koyo. Ta huda gindin tukunya sau uku a rana ɗaya, mata suna leƙe suna dariya cikin zane, ita ma ta yi dariya ta faɗi wata kalma da dattijon ya ƙi fassarawa. Ni aka ce in zauna kusa da ita in riƙa juya mata curin, don Inna ba ta da haƙurin koya wa babba. Amma matar ba ta iya zama wuri ɗaya. Yanzu tana zana yadda Inna ke mirgina murɗaɗɗiyar igiya a kafaɗar tulu don ta bar ado, an jima ta tashi tana auna ramin gashi da taku, an jima tana tambayar me ya sa muke goge jar ƙasa da 'ya'yan kuka ba da dutse ba. Littafinta cike yake da zanen bakin randa da wuyan buta. Na dube ta na ce a raina, ashe ciwon nan ba ni kaɗai ke da shi ba, har akwai wadda nata ya kai ta wata duniya.

Labarinta a bakin dattijon na tsince shi guntu-guntu, yana cin goro a inuwar zaure. Ubanta ma'aikaci ne a wani gidan yin faranti, aikinsa zana fure a bakin tasa daga safe har yamma, kuma a gefen kujerarsa ta koyi zane. Da ta girma ta yi suna wajen ƙawata gidajen masu hali. Ita ke fitar da zanen labule da na bango da na tangaran, har ɗakin cin abinci na wani jirgin ruwa ta taɓa yi wa ado. Sai wata rana ta watsar da duk wannan ta koma wani ƙauye, ta gina murhu mai girman rumbu wanda ake kwana biyu ana zuba masa itace, ta shiga gina tukwane da hannunta. Mijinta ya tafi yaƙi bai dawo ba, ɗa kuma Allah bai ba ta ba. Tun daga nan, in ta yi wata shida a gida sai ta rufe ƙofa ta shiga duniya, duk inda ta ji mata na taɓa yumɓu. Dattijon ya ce ya gaji da ɗaure kaya da kwancewa, amma dai ba ta da rowa.

Ranar buɗe gashi ta riga kowa zuwa. A gashin nan tulu ɗaya na saka, na kuwa ba shi lokaci yadda ban taɓa yi ba, don na san akwai idon baƙuwa. Sai iska ta juya bayan an kunna wuta, wani curin kashin shanu ya manne masa a kafaɗa ya yi ta ci a hankali. Da aka fito da shi sai ga baƙin tabo shimfiɗe tun daga kafaɗa har ciki, gefensa ja wur, can ƙasa kuma ruwan toka. A gidanmu wannan aibi ne. Inna ta ƙwanƙwasa sau ɗaya ta ajiye shi hagu. Na juya baya don kada a ga idona.

Sai na ji motsi, na waiga. Baturiyar ta tsallake tukwanen dama duka, ta je ta ɗauki nawa da sauran zafinsa, da gefen rigarta. Ta kai shi rana, ta juya shi, ta sake juyawa, ta yi magana a hankali. Dattijon ya ce wai wannan take so, kuma wai da shi za ta tafi ƙasarsu. Inna ta ce masa ga masu kyau nan, ta zaɓi wanda ta ga dama, kyauta. Ya faɗa mata, ta girgiza kai tana murmushi, ta ƙara rungume shi. Dogarin hakimi yana tsaye, Inna ba ta da halin ƙwacewa. Haka tulun ya fita ta zaurenmu a hannun baƙuwa, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina don daɗi.

Daga ranar nan kaina ya kumbura. Allah ya yafe mini, har gaisuwata ta canja. A bakin rijiya ina ɗaga murya in ce ai wasu iyakar tukwanensu kasuwar Sanyinna, wasu kuwa sai an hau jirgi. Matan unguwa ba su ƙyale ni ba, suka riƙa ce mini 'yar Faransa, in na wuce su tambaye ni ko an turo mini mota. Ban ji zafi ba. Aiki ma na daina mai da hankali a kai, in na zauna bakin rami sai in tashi, in na tashi in rasa abin da ya tashe ni. Inna kuwa, ashe abin yana cin ta. Wata tsohuwa mai ƙosai ce ta ƙarasa ta ranar kasuwa, da ta ce yanzu Turawa za su taru su ce ashe haka ake gini a Tambuwal.

Inna ta dawo ta zauna bakin rami. Kwana uku tana kan tulu ɗaya, ita da ke gina shida a wuni. Ta tace yumɓun da kanta, ta goge jar ƙasar har kana ganin inuwarka a jiki, ta zaɓa masa wuri a tsakiyar gashi ta kewaye shi da tsingaro don kada wani abu ya taɓa shi. Da ya fito ta ƙwanƙwasa, ya yi wata ƙara siririya mai tsawo, har a haƙorina na ji ta. Ban taɓa ganin tulu kamarsa ba, kuma nan take na tsane shi, don na gane abin da ya sa aka gina shi.

A lokacin baturiyar ta riga ta tashi daga bariki ta koma Kebbe, an ce mata akwai wani farin yumɓu a wajen Fakku. Inna ta kira ni ta nuna tulun da haɓa.

"Ki kai mata wanga, ki amso wancan. Ba a sallamar baƙo da abin kunya."

Na ce, "Inna, ita taz zaɓa da hannunta."

"Baƙo makaho na, ko da idonai biyu. Sunan unguwag ga za shi can, ba naki ba."

Na yi kuka, na yi rantsuwa, na ce wata ta je. Ta ce wadda ta gina ita ke ɗaukowa. Ta ci gaba da sheƙe ƙaiƙayin da take haɗa yumɓu da shi.

Na bi ayarin masu zuwa kasuwar Kebbe, mata biyar da maza uku da jakunansu. Muka fita bayan asuba. Na zuba ruwa rabi a tulun saboda hanya, na ɗora bisa gammo. Bazara ta kai inda takan kai, ƙasa tana ƙuna ta cikin takalmi, hadari yana taruwa a gabas yana watsewa ba ko ɗigo. Tun daga bayan gari nake shirya yadda zan yar da shi. Ga saiwa, ga dutse, ga jaki mai harbi, wa zai ce da gangan ne? Sau biyu na sassauta wuya, sau biyun hannuna ya tashi da kansa ya tare. Wadda ta girma da tukunya a ka ba ta iya yarwa, ko ta so. Kuma na san Inna, in na fasa wannan za ta gina wani ta kai shi da ƙafarta.

Da rana ta take muka sauka gindin wata tsamiya. Ruwan goran kowa ya yi zafi kamar na wanka, sai aka juyo kan nawa. Wata mata ta sha, ta lumshe ido, ta ce wannan ko ba a faɗa ba ginin Inna ne. Duk wanda ya sha sai ya sa mata albarka. Ni ma na sha, don ƙishirwa ba ruwanta da fushi, kuma sanyin ya ratsa ni har ƙafa. Wannan ya ƙara mini haushi. Muka kwana a wani ƙauye, da hantsi muka shiga Kebbe.

An sauke ta a wani gida kusa da na hakimi. Na same ta a bayan gidan, tsugune gaban wani ɗan murhu na tubali da ta gina da kanta, tana fito da 'yan ƙananan kwanoni na gwaji. Duk sun tsage, wasu sun narke sun manne da juna. Farin yumɓun da ta biyo bai karɓi irin wutarta ba. Zazzaɓi kuma ya taɓa ta, ta ƙara bushewa, idonta ya yi ɗorawa. A inuwar katanga akwatuna suna jere an ɗaure su da igiya, jibi za su tashi kafin ruwa ya rufe hanya. Da ta gan ni ta gane ni, ta taso ta kama hannuna biyu da nata masu toka.

Na sauke kaya, na durƙusa na gaida dattijon, na ba shi saƙon Inna yadda ta faɗa, ban rage ba. Ya dube ni, ya dubi tulun, ya daɗe yana tauna goro kafin ya fassara. Matar ta tsuguna gaban tulun Inna. Ta shafa shi da tafin hannu tun daga wuya har gindi, ta ƙwanƙwasa, ta yi dariya da ta ji ƙarar, ta sake ƙwanƙwasawa. Ta ce ko za ta shekara ɗari hannunta ba zai kai nan ba. Sannan ta sa aka kwance akwati ɗaya, ta ture ciyawa ta fito da nawa, ta ajiye su kusa da juna.

Na fi kwana ashirin ban gan shi ba, kuma a cikin kaina kullum ƙara kyau yake yi. Yanzu ga shi a rana tsaka, kafaɗa da kafaɗa da na Inna. Wuyan ya karkata hagu, kaɗan, amma ya karkata. Gefe ɗaya na cikin ya fi kauri, har na tuna ranar, mota ce ta wuce. Na miƙa hannu na ƙwanƙwasa shi, abin da ban taɓa yarda na yi wa nawa ba. Ya yi wata 'yar ƙara mai nauyi kamar ka bugi kabewa. Akwai tsaga a ciki wadda ido ba ya gani. Shekara uku ina cewa ƙeta, ashe abin da kunnen Inna ke ji ke nan.

Na sa dattijon ya tambaye ta ko ta san a tsage yake. Ta ce ta sani tun ranar farko. Na ce to wa zai sha ruwa a ciki? Ta ce ba kowa, za a sa shi cikin akwatin gilashi a wani gida inda mutane ke zuwa kallon irin waɗannan abubuwa. Wata tambaya ta zo mini, na san gara in haɗiye ta, amma ban taɓa iya haɗiye magana ba.

"Baba, tambaye ta. Da ya fito yadda niy yi nufi, ja sumul awa na Inna, da ta ɗauke shi?"

Ya sosa gemu ya ce, "Ɗiyata, ki bar wannan."

"Tambaye ta, Baba. Kuma ka faɗa man yadda tac ce, kak ka gyara."

Ya tambaye ta. Ta daɗe tana dubana, ba da wulaƙanci ba, irin duban da magini ke wa magini. Ta faɗi kalma ɗaya, sannan ta yi dogon bayani. Dattijon ya kau da kai ya ce, "Ta ce a'a." Sauran kuwa, wai a ƙasarsu inji na fitar da sumul-sumul ba iyaka. Wai ta shekara da shekaru tana fama da murhunta ya yi mata irin wannan tabon da gangan, ya ƙi, ga shi wutarmu ta yi shi a gashi ɗaya. Wai wuta ce ta zana, ni na ba ta wurin zanawa.

Kunya ta rufe ni, fushi ya biyo baya, na rasa wanda zan fara da shi. Ashe kallon kitse na yi wa rogo. Yabon da nake ta taƙama da shi a bakin rijiya ba nawa ba ne, na iska ne da kashin shanu. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Ga abin da ba na son faɗa, amma zan faɗa. Dattijon ya tambaye ni yanzu me za a yi, a musanya ko a bari. Matar ba za ta hana ni ba, na gani a fuskarta, da na ce Inna ta rantse da ta miƙo mini. Na san tulun banza ne, na ji da kunnena. Na san Inna ce da gaskiya. Duk da haka bakina ya ƙi. So nake ya tafi. Ko a tsage, ko don kashin shanu, so nake wani abu da hannuna ya taɓa ya hau jirgin nan ya ga abin da ke bayan Jega. Na ce a mayar da shi cikin akwati.

Na yi zaton za ta haɗa da na Inna. Sai ta ce akwatunan sun cika, kuma wai tulu irin wannan zunubi ne a kulle shi inda ba ruwa, a bar shi ya yi aikin da aka gina shi dominsa. Na tabbata girmamawa take nufi. Ba ta san cewa a wurinmu kyautar da aka yi tattakin kwana biyu da ita ba a barin ta a hanya ba. Ta ɗauke shi da kanta ta kai wa mai masaukinta, aka cika shi aka ɗora a kan gwafa a bakin zaure. Ban bar garin ba sai da na ga wani mai yankan ciyawar doki ya tsiyaya a ƙoƙo ya sha, ya zuba saura a ƙafarsa. Dattijon ya raka ni har bakin kasuwa. Ya ce abin da na gani a Kebbe in bar shi a Kebbe, don Inna ta tsufa, ba ta da sauran shekarun da za ta huce a ciki.

Na iso gida rana ta biyu bayan azahar. Inna tana bakin rami, ba ta ɗago ba.

"Ta amsa?"

"Ta amsa, Inna."

"Naki fa?"

"Na fasa shi bisa hanya."

Nan ta tsayar da hannu ta dube ni sosai, ta gyaɗa kai. Ta tambaye ni abin da matar ta ce. Na gaya mata yadda ta shafa shi, yadda ta ƙwanƙwasa sau biyu tana dariya, yadda ta ce ko za ta shekara ɗari hannunta ba zai kai nan ba. Wannan kam gaskiya ce. Sauran ni na ƙara, na ce an naɗe shi da bargo, an ba shi akwati shi kaɗai.

A gashin da ya biyo baya, da aka miƙo mata tulun da na gina, ba ta ƙwanƙwasa ba, ta miƙo mini. Na ƙwanƙwasa, na ajiye shi hagu da hannuna. Sai da na ƙara shekara guda kafin nawa ya fara wucewa dama. Inna kuwa, wadda ba ta san yabon kai ba, ta tsiri gaya wa duk mai saye cewa akwai tulunta a Faransa. Matan Sanyinna sun ji, fataken Jega sun ji. Ni kuma na zama mai gadin zaure, da na ji an ce baƙo daga Kebbe yake sai in yi wuf in tare shi a waje in sallame shi, don adon igiyar Inna ba ya ɓoyuwa ga wanda ya taɓa gani. Ni mai ƙaiƙayin ƙafa, ban sake taka Kebbe ba har Inna ta rasu. Baturiyar ma ba mu ƙara jin ɗuriyarta ba.

Amma ba wannan ke hana ni sukuni ba har yau. Ranar da na dawo ɗin nan, bayan la'asar, ina zaune bakin ɗaki ina shafa wa fason ƙafata man shanu, sai ga Inna ta zo ta tsaya a kaina. Ba ta saba zuwa inda nake ba, kira take yi. Ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai roƙon alfarma.

"Tsohon nan tafintanta ya ce can ƙasarsu, in sanyi yay yi, ruwa shina zama dutse."

Na ce ni ma na ji haka.

"In yad daskare ciki, fashewa za shi yi. Kin gaya mata kat ta bar ruwa shi kwana ciki?"

Na ɗaga kai na dube ta. Fuskar nan da na sani a ɗaure shekara ashirin ta saki, tana jiran amsa kamar wadda ta kai ɗiya aure gari mai nisa.

Na ce, "Na gaya mata, Inna."

Ta ce to madalla. Ta juya ta tafi tana 'yar waƙa a hanci, abin da ban taɓa jin ta yi ba.